Plaket 9,000, jarirai kashi 24: lamarin wata budurwa daga Tahoua

Kwalbar jinin ta riga mai jinin isowa Yamai da kwana biyu. Wani saurayi ne ya shigo da ita labo wajen la'asar, cikin ƙaramar kula irin ta masu tallar ruwan sanyi, an naɗe ta da leda an binne a ƙanƙara. Ya ce jinin ƙanwarsa ne, an ɗiba jiya da safe a Tahoua, ya kwana a firiji, yau da asuba aka ba yaron mota ya taho da shi. Daga Tahoua zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar wuni guda. Tare da kwalbar akwai wasiƙar likitan da ya ga yarinyar, da tambaya ɗaya a ƙasanta: ɓargonta yana aiki, ko ya tsaya?

Ni ma'aikacin labo ne a wata kilinik mai zaman kanta. Iyalin sun yarda in rubuta abin da ya faru, na sakaya sunayensu da na garinsu.

Yadda abin ya faro

Shekarunta 19, 'yar wani gari ce kudu da birnin Tahoua. Ƙarshen Agusta, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa, masassara ta kwantar da ita. An yi mata gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, na yatsa a asibitin garinsu, ya nuna akwai, aka ba ta artemeter da lumefantirin na kwana uku. Ganin jikin bai saki da wuri ba, a gida aka ƙara mata kinin. Sai wata maƙwabciya ta ce ai wannan taifot ne, aka sayo kafso wajen mai talla ranar kasuwa, ta sha na kwana biyar ko shida. Yayan nata ya taho da bawon katin maganin a aljihu, Allah ya yi masa albarka, don da wuya ka sami wanda ya ajiye. Kuloramfenikol ne.

Masassara ta tafi. Tsakiyar Satumba al'adarta ta zo ta ƙi ɗaukewa, kwana 12, da gudaji. In ta yi asuwaki dasashi ya yi ta jini, ƙwaurinta ya cika da ɗige-ɗige masu duhu da ba sa ƙaiƙayi. An yi ta jiƙe-jiƙe har farkon Oktoba, da al'adar ta sake dawowa ta fi ta baya, sannan aka kai ta Tahoua aka yi mata NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini. Hemogilobin 7.4, fararen ƙwayoyi 3,900, plaket, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, 28,000 a kowane mikrolita. Mai lafiya plaket ɗinsa tsakanin 150,000 ne da 400,000.

Duk likitan da ya ga lambobi ukun nan sun yi ƙasa tare, aka kuma ambata masa kuloramfenikol, sai gabansa ya faɗi. Maganin nan, jefi-jefi, yakan kashe ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, ɗungurungum, makonni ko watanni bayan an gama shansa, kuma ba sai an sha da yawa ba. Kansar jini ma haka take fara nuna kanta a takarda. A ɗaya ɓangaren kuma ga kinin, wanda kan sa garkuwar jiki ta auka wa plaket. Ga palu, wanda ke cinye plaket da kansa. Ga cutar da likitocinmu ke kira PTI, inda garkuwar jiki ke farautar plaket ba tare da wani dalili da za a nuna da yatsa ba. Rukuni na farko ba a ƙera plaket ɗin ne. Rukuni na biyu ana ƙerawa, ana cinyewa a hanya. Ƙidaya ba ta raba su, lamba ɗaya take ba ka ko wanne ne, alhali maganin wannan bai yi kama da na wancan ba ko kaɗan.

Hanyar da aka sani ta raba gardama ita ce a soka allura a ƙashin ƙirji ko na ƙugu a zuƙo ɓargo a duba. Ana iya yi ko da plaket ya yi ƙasa. Sai dai da zafi, da kuɗi, masu iya karanta shi ba su da yawa, kuma mutanenmu da jin an ce ƙashi za a huda sai ka neme su ka rasa. Shi ya sa likitan Tahoua ya nemi a fara da gwajin da ke fitowa a takarda da haruffa uku, IPF.

Abin da injin yake ƙirgawa

Plaket ba cikakkiyar ƙwaya ba ce, ɓalli ne. Uwarsa wata ƙatuwar ƙwaya ce a cikin ɓargo, megakariyosit, wadda ke miƙa sassan jikinta cikin hanyar jini suna gutsurewa. Jikin baligi na sako wajen biliyan 100 kullum, kowanne ya yi kwana 7 zuwa 10 ya mutu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a saifa suke fakewa. Mai tura uwar ta yi aiki wani sinadari ne da hanta ke yi, torombopoyetin, wanda sai a 1994 aka kai ga tsamo shi.

Plaket ɗin da ya fito yanzu yana ɗauke da guzuri daga uwarsa, ragowar ARN, abin da wasu littattafai ke rubutawa RNA. Cikin kamar kwana guda guzurin ke ƙarewa. Saboda haka duk plaket ɗin da ka samu da ARN mai yawa, jariri ne, jiya ko yau ya baro ɓargo. Mu 'yan labo mun daɗe muna wannan lissafi da jajayen ƙwayoyi, retikilosit ke nan. Na plaket ne ya makara. A 1969 Ingram da Coopersmith suka fara ganin jariran a jinin karnukan da aka zubar wa jini, da rini da madubin likita. A 1990 Kienast da Schmitz suka ƙirga su a jinin mutane da rini mai ƙyalli da hasken leza. Ya zama gwajin yau da kullum ne bayan da kamfanin Sysmex na Japan ya sa shi cikin injin NFS, Briggs da abokan aikinta a Landan suka wallafa a 2004 cewa a jinin masu lafiya jarirai kashi 1.1 ne zuwa 6.1 cikin ɗari. Yanzu Abbott da Mindray ma suna da nasu, kowa da rininsa da iyakarsa, don haka lambar wannan inji ba a ɗora ta kan ta wancan.

Cikin injin, rinin na ratsa fatar plaket ya kama ARN, ƙwayoyin su bi layi ɗaya-ɗaya ta gaban leza. Injin na auna abu biyu, girman ƙwaya da ƙarfin ƙyallinta. Waɗanda suka fi girma suka fi ƙyalli su ne jarirai, kasonsu cikin dukkan plaket shi ne IPF. In plaket ya yi ƙasa IPF bai motsa ba, ana zargin ɓargo. In plaket ya yi ƙasa IPF ya ɗaga sosai, ɓargo na sakowa, wani abu ne ke cinyewa.

Kwalbar ƙanƙara

Na sa kwalbar a inji, ya ba ni IPF kashi 31. Lamba ce mai daɗin gani, ita kowa ke fata. Ban sa mata hannu ba. Jinin ya yi fiye da awa 30 cikin sanyi, kuma an san sanyi na ɗaga IPF, don plaket na kumbura ya sauya siffa. Da na shafa a gilashi ma fararen ƙwayoyin sun fara lalacewa, ba za ka rantse kan siffar ko ɗaya ba. Wanda ya sa ƙanƙarar alheri ya nufa, haka aka koya masa da allurar rigakafi da jakar jini. Kwalba mai murfi ruwan shunayya in don plaket ce, inuwa take so, a kuma auna ta a ranar.

Yayan bai ji daɗi ba. Ya ce, «Malam, mun biya mota, mun biya analiz, kuma ka ce babu sakamako?» Na ce masa akwai lamba, amma ba wadda zan yarda a ɗora maganin ƙanwata a kai ba. Likitarmu ta kira na Tahoua a waya, suka yanke a taho da yarinyar, a hana ta aspirin da ibuprofen da diklofenak, kada a yi mata allura a tsoka, in ta yi ciwon kai mai tsanani ko amai a hanya a tsaya asibiti mafi kusa.

Ranar da ta iso

Ta zo da mahaifinta da gwaggonta da yayan. Idonta fari fat, zuciya na bugun 108 a minti, babu zazzaɓi. Ɗige-ɗigen sun hau har cinya, akwai ƙullutun jini biyu a cikin kumatu, wanda shi ya fi damun likita, don jini a baki alama ce ta cewa abin ya yi nisa. Babu kaluluwa a wuya ko hammata, saifa da hanta ba su taɓuwa, ƙashi ba ya ciwo.

Na ɗebi jini da kaina, kwalba mai murfin shunayya da mai murfi shuɗi, na auna cikin rabin awa. Hemogilobin 7.1, jajayen ƙwayoyi ƙanana, girmansu 66. Farare 4,300, daga cikinsu nitrofil, masu yaƙar ƙwayoyin cuta, 2,100. Retikilosit 95,000. IPF kashi 23.8.

Plaket kuwa lamba biyu injin ya bayar, kuma nan ne na fara ganin amfanin kuɗin rinin tun kafin a zo kan jarirai. Hanyar da yawancin injinan ƙasar nan ke bi ita ce ta lantarki: ƙwaya ta wuce ta wata 'yar ƙofa, injin ya ji girmanta, in ƙarama ce ya ce plaket. Yarinyar da ƙarfen jikinta ya ƙare, jajayen ƙwayoyinta sun ƙanƙance har wasu sun shiga ma'aunin plaket, sai injin ya haɗa da su. Ta wannan hanya 24,000 ya ba ni. Ta hanyar rini, wadda ke bambance plaket da abin da ba plaket ba, 9,000. Ke nan 28,000 ɗin Tahoua ma akwai alamar tambaya a kanta, ba don wani ya yi kuskure ba, haka injin yake. A ƙasar da ƙarancin ƙarfe da sikila suka yi yawa kamar tamu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don tsakanin 28,000 da 9,000 akwai bambancin a jira ko a fara magani yau.

Sai gilashi. Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma na san masu sayar da inji ba za su so shi ba: IPF ba tare da shafi a gilashi ba rabin aiki ne, wani lokaci ma haɗari. Na zauna da shafin nan fiye da minti ashirin. Plaket ba su dunƙule ba, kwalbar shuɗin murfi ma ta ba da lamba ta kusa da waccan, don haka ba irin ƙaryar nan ba ce da sinadarin kwalba ke haɗe plaket wuri ɗaya injin ya kasa ƙirga su. Babu ɗanyun fararen ƙwayoyi irin na kansa. Babu fasassun jajayen ƙwayoyi, waɗanda da na gan su da maganar ta koma wata cutar gaggawa dabam, wadda ita ma IPF ke ɗagawa a cikinta. Babu ƙwayar palu, a shafi mai kauri ko siriri. Plaket ɗin da na iya gani 'yan kaɗan ne, wasunsu manya.

Da haka lambobi ukun da suka tsorata kowa suka rabu. Ƙarancin hemogilobin na zubar jini ne da rashin ƙarfe, gwajin feritin, mai nuna ajiyar ƙarfe a jiki, ya tabbatar, kuma retikilosit 95,000 na cewa ɓargo na ƙera jajaye. Farare 4,300 ba ciwo ba ne: da yawa daga mutanen Afirka ta Yamma nitrofil ɗinsu a ƙasa yake da iyakar da aka rubuta a littattafan Turai, gado ne, lafiyarsu ƙalau. Abu ɗaya ne ya faɗi, plaket.

Lissafin Baba

Likita ta ce in zo in yi wa mahaifin bayanin takardar, tunda ni na auna. Dattijo ne mai fataucin dabbobi, sai na ɗauko masa misali daga sana'arsa. Na ce, «Baba, in ka tarar garke ya ragu, sai ka dubi maruƙa. In babu maruƙa, shanun ne suka bar haihuwa. In maruƙa sun yi yawa manya ne babu, to ana haihuwa, kura ce ko ɓarawo ke ɗauka. Jinin ɗiyarka maruƙa kashi 24 ne cikin ɗari, na mai lafiya bai cika wuce 6 ba.»

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, «Ɗana, shanun nawa na duka?»

Na ce a ce tara.

Ya ce, «To in garke ya koma tara, biyu maruƙa, ai maruƙa biyu na. Wagga ba haihuwar a zo a gani ba ta.»

Gaskiyarsa. Abin da ya faɗa yana da suna a wajenmu, adadin jarirai na zahiri, kuma ɗalibai da yawa na wuce shi. Kashi 23.8 na 9,000 bai wuce 2,142 ba. Mai lafiya da ke da plaket 250,000 da IPF kashi 3 yana da jarirai 7,500. Yarinyar da kasonta ya ninka nasa kusan sau takwas, jariranta ba su kai sulusin nasa ba. Kason ya yi sama ne saboda ba a barin plaket ya tsufa. A PTI garkuwar jiki ba ta tsayawa kan plaket da ke yawo, takan taɓa uwar a cikin ɓargo, ga kuma jariran da ake cinyewa tun ba a kai ga ƙirga su ba. Don haka abin da IPF mai yawa ke cewa shi ne ɓargo bai mutu ba kuma ana kashe plaket da wuri. Bai ce ɓargo na aiki iya ƙarfinsa ba. Na gaya wa Baba haka, ya gyaɗa kai ya ce to yanzu na yi magana.

Abin da ya rage a kore

IPF bai san sunan cuta ba. PTI kuwa ba ta da gwajin kanta, sai an kore sauran ake ce ita ce. An duba kanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, babu. Gwajin daskarewar jini daidai, ƙoda daidai, fitsari ba furotin, ba ta da ciki. Eko, wato hoton ciki, ta nuna saifa daidai girmanta, kuma hakan na da nauyi a nan, inda palu na shekara da shekaru da tsargiya ke kumbura saifa ta riƙe plaket. Ba ciwon gaɓoɓi, ba zubar gashi, ba ƙuraje a fuska. Tunda daga jihar Tahoua take, inda zazzaɓin Rift ya ɓulla a 2016 wajen Cintabaraden da Tasara, likita ta tambayi ko dabbobin gida na ɓari ko mutuwa. Babu, ita ma rabonta da zazzaɓi makonni biyar.

Kinin ya ɗan tsaya mana a rai. Amma plaket ɗin da kinin ya kayar yakan tashi cikin kamar mako guda da barin maganin, ita kuwa ta fi wata da barinsa. Na palu ma haka, da an kashe ƙwayar yake dawowa.

Wanda ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne gado. Akwai cututtukan da ake haihuwar mutum da plaket kaɗan kuma manya-manya, irin su Bernard-Soulier da May-Hegglin. Injin na ganin ƙaton plaket ya sha rini da yawa sai ya ce jariri ne, IPF ya haura kashi 40 ko 50. Irin waɗannan mutane an sha ɗura musu kortikoyid, maganin danne garkuwar jiki da ake ba masu PTI, shekara da shekaru, har a cire wa wasu saifa, a banza. Bernard-Soulier sai uwa da uba duk sun ba da irin take fitowa, iyayen yarinyar nan kuwa auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙane. A nan gwaggo ta fi inji amfani. Likita ta ce, «Hajiya, da tana jaririya wanzami ya cire mata beli?» Ta ce ƙwarai, ranar suna, a gabanta anka yi. Jinin ya tsaya? Nan take. Hujin kunne fa, da famfarar haƙori, da al'adarta ta shekarun baya? Duk lafiya lau, kwana huɗu take yi ta yi wanka. Wanda aka haifa da Bernard-Soulier da wuya ya wuce askar wanzami ba a ji labari ba. Na auna jinin yayan da na mahaifin, plaket daidai, girma daidai. A shafinta ma manyan plaket tsiraru ne, kuma babu tabon nan mai shuɗi-shuɗi cikin nitrofil da ke tona May-Hegglin.

Likita ta yi wata tambaya da ba kowa ke tunawa ba: ko tana shan maganin ƙiba, sha-ka-fashe, tunda an sa mata rana. Da yawansu deksametazon ne, shi ma kortikoyid ne, yana iya ɓata lissafi duka. Ta rufe fuska ta ce a'a.

Aka yanke ba za a huda ƙashi ba a yanzu. Dalilan a haɗe suke: ƙuruciyarta, layi ɗaya ne ya faɗi cikin ƙwayoyin jini uku, wato plaket, jiki babu kaluluwa ko saifa, shafi tsaf, retikilosit na fita, IPF ya ɗaga. Da 'yar shekara 65 ce da an huda ko IPF nawa ne, don akwai lalacewar ɓargo ta tsufa da ke ba da IPF mai yawa. Da IPF ya fito kashi 7 ko 8 ma, inda cututtukan ke cakuɗuwa, da bai raba komai ba. An kuma rubuta a dosiye cewa in magani bai karɓa ba cikin mako biyu, ko wani layi ya sake faɗuwa, za a huda.

Magani

Dangi mazauna Yamai sun riga sun tara maza huɗu za su ba da jini, an ce musu plaket za a ƙara mata. Likita ta zaunar da su. Plaket ɗin da aka ƙara wa mai PTI cikin awoyi garkuwar jiki ke cinye shi kamar yadda take cinye nata. Ga wahalar samu: ba ya wuce kwana 5 a ajiye, ba a sa shi a firiji, sai a ɗumin digiri 20 zuwa 24 ana girgiza shi dare da rana, kuma abin da zai ishi baligi sau ɗaya sai an haɗa na mutum huɗu zuwa shida. Ana ajiye shi ne don jinin da zai yi kisa, kamar na cikin kai. Da ɓargon ne ya mutu, da lissafin ya juye, da plaket 9,000 ya isa a ƙara mata ko ba ta zubar da jini. Mazan nan dai ba su koma haka ba, an tura su cibiyar ƙarin jini ta ƙasa suka bayar, ita kuma aka ƙara mata jaka ɗaya ta jajayen ƙwayoyi saboda bugun zuciyar da jinin da bai tsaya ba.

Nauyinta kilo 52, aka sa ta kan kortikoyid, prednizon miligiram 50 kullum da safe, bayan an duba sukari an ba ta maganin tsutsar ciki. Aka haɗa da asid tiraneksamik don al'adar, da ƙwayoyin hormon na tsayar da ita, da ƙwayar ƙarfe.

Kwana na 3 plaket 14,000, IPF kashi 21. Yayan ya ga 14,000 ya ce ai ba abin da ya sauya. Ni jarirai na ƙirga, sun tashi daga 2,142 zuwa 2,940, ƙullutun bakin kuma sun bushe. Kwana na 5 plaket 38,000, IPF kashi 14, jarirai sun haura 5,000. Kwana na 8 plaket 96,000, IPF kashi 8. Kwana na 14 plaket 187,000, IPF kashi 4.6. Kason na sauka, adadin na hawa, garken na samun manya. Baba ne ya riƙa karɓar takardar yana sa yayan ya yi masa lissafin maruƙa a waya.

Da a ce yau ne, da ba zan kunna rinin a duk awon nan biyar ba. Na ranar farko shi ya sauya hanya, na kwana na 3 ya kwantar da hankali, sauran ukun ƙidaya kawai ta isa, kuma kuɗin daga aljihun dattijon ya fita. Rinin da tsada, daga waje ake kawo shi, yana da ranar mutuwa, ba ya son zafi, mu kuma ga zafin Yamai ga ɗaukewar wuta. Inda bin IPF kullum ke biyan kuɗinsa shi ne wajen wanda aka yi wa maganin cutar kansa ko mai zazzaɓin dengi, don a can yakan ɗaga kwana ɗaya zuwa uku kafin plaket ya taso, sai a ɗan jinkirta ƙarin plaket in babu zubar jini.

Bayan an sallame ta

An janye prednizon a hankali, aka gama cikin mako shida, ƙarshen Nuwamba. Fuskarta ta ɗan cika, gwaggo har tana murna, likita ta ce wannan ba ƙibar arziki ba ce, kada a kuskura a sayo a ci gaba. Tsakiyar Disamba NFS a Tahoua ya nuna 64,000, bayan mako biyu 58,000. Yanzu lambar Tahoua abin dogaro ce fiye da da, don ƙarfe ya dawo, jajayen ƙwayoyin sun girma sun fita daga ma'aunin plaket. A Janairu ta zo Yamai sau ɗaya: plaket 61,000, IPF kashi 11, hemogilobin 11.8, farare daidai, shafi tsaf. Faɗuwar nan ba tare da ta sake shan kinin ba ta wanke kinin, ko da yake an ce ta bar shi har abada. Ba a mayar da ita kan magani ba, don sama da 30,000 kuma ba zubar jini, kallo ake yi. In abin ya wuce wata 12 a haka za a kira shi mai ɗorewa.

Bikin da aka sa bayan kaka ya koma Fabrairu. Kafin nan likita ta keɓe da gwaggo ta ce, «Hajiya, lalle a sa mata yadda ake so. Amma ba ƙaho, ba tsaga, ba abin da wanzami zai taɓa da aska, ko an ce angurya ce ko mene ne, a zo asibiti.» Ta kuma rubuta takarda da Faransanci don ranar da ciki ya zo: a riƙa ƙirga plaket a awon ciki, ta haihu inda akwai jini da tiyata, a nemi ta kai 50,000 kafin haihuwa, a auna plaket ɗin jaririn, don abin da ke cin na uwa yana iya ƙetara mahaifa. Gwaggo ta naɗe takardar a leda ta ce cikin akwatin lefe za ta sa.

Yanzu yayan ne ke turo hoton takarda ta WhatsApp duk wata biyu. Na ƙarshe 71,000. Ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa Baba na tambaya ko injin Tahoua na nuna maruƙa. Na ce ba ya cikin takardar, in ta sauka ƙasa da 30,000 ko ɗige-ɗigen suka dawo su taho da ita kanta, kada a aiko kwalba.